Shakazobar baya ta iska ta maƙale kuma tana zubar da iska, in buɗe ta da kaina?

Ɗan_Gangara:

Salam 'yan'uwa, dan Allah masu hannu a harkar keken hawan dutse ku taimaka min da shawara kafin in yi ɓarna. Keken nawa na hannu na saya wata takwas kenan, mai shakazoba gaba da baya, ta bayan irin ta iska ce, awonta 210x55, wato tsayinta milimita 210, tafiyarta kuma milimita 55. Wanda ya sayar min ya ɓare duk sitikun dake jikinta wai yafi son komai baƙi, kuma da na tambaye shi yaushe rabon da a mata sabis sai yace shi tunda ya saya iska kawai yake ƙara mata, to nima haka na ɗora, ina hawa kamar sau uku a sati awa biyu biyu.

Matsalar ta faro ne da iska. Ina saka 190 psi (awon ƙarfin iska), bayan kwana uku in na jona famfo sai in ga 160 ko ƙasa da haka. Na share nace ai ba komai. Sai kuma ta fara wani sauti in na danna sirdi, kamar mutum ya taka jiƙaƙƙen soso, cakal cakal haka, kuma ɗan liban nan na kullewa da nake juyawa in zan hau tudu yanzu ko na juya shi banga wani bambanci ba. Shekaranjiya kuma da safe da sanyi na fito da keken sai naga kamar bayan ya zauna, feda har tana taɓa dutse a inda da bata taɓawa. Na ɗauko tef na auna daga tsakiyar noti na sama zuwa na ƙasa, 198 na samu maimakon 210, alhali babu kowa a kai.

Jiya da daddare na kalli bidiyo biyu a YouTube naga abin kamar wasa, na danna bawul da kan sukudireba iskar ta fita fuuu gaba ɗaya, abin mamaki sai shakazobar ta ƙara tsukewa ciki kamar ana janta da igiya. Na kama gwangwanin, wato ƙaton murfin da iskar ke ciki, na murɗa kamar rabin zagaye sai naji gabana ya faɗi na maida shi na ɗaure. Yanzu haka keken na nan a jingine.

Tambayata: in cigaba in buɗe ko kuwa? wane kaya nake buƙata? kuma in na canza robobin ciki duk matsalolin nan zasu tafi ne har da sautin? Giris ɗin mota da nake dashi zai yi? Nagode.

Baba_Sufana:

Wa alaikassalam. Yaro Allah ne ya so ka da ka maida gwangwanin nan, kar ka sake taɓa shi a yadda yake yanzu sai ka gama karanta abinda zan rubuta, dan wannan 198 da ka auna ita ce magana mafi girma a duk bayaninka.

Cikin gwangwanin ɗaki biyu ne, fistin ne ya raba su. Babban ɗaki shine wanda kake hura wa iska ta bawul, shi ke ɗauke da nauyinka. A bayan fistin akwai ƙaramin ɗaki wanda iskarsa ke turowa ta ɗaya ɓangaren, aikinsa ya tausasa farkon motsi dan kar shakazobar ta zama kamar itace akan ƙananan duwatsu. Shi ƙaramin ɗakin a yawancin samfura bashi da bawul nasa, akwai wani ɗan lotso ne a jikin gwangwanin ta ciki, ƙarami kamar an danna da kan biro, duk lokacin da robar fistin ta wuce ta kansa sai iska ta ratsa ɗakunan biyu su daidaita. To in robar ta tsufa ta bushe, musamman da sanyi in ta ƙandare, iska na silalewa ta shige ƙaramin ɗakin ta kasa dawowa, ko kuma busasshen giris ya toshe ɗan lotson. Shine zaka ga ta zauna. Kai kuma da ka saki iskar babban ɗaki lokaci guda ka bar ta ƙaramin ita kaɗai ba mai ture ta, dole ta ja shi ciki. Wato yanzu akwai iska mai ƙarfi a kulle a ciki wadda bawul bazai iya fitar da ita ba, kuma abinda ke riƙe da ita tiredin gwangwanin ne kawai. Da ka ƙarasa murɗawa da ya harba kamar harsashi. Ni ya taɓa min, shekarun baya ina ganin na iya, gwangwanin ya ƙwace ya daki babban yatsana, farcen sai da ya yi baƙi ya fita, da fuskata ce a saitin da yanzu wani labarin ake.

Abinda zaka fara yi tana kan keken: ka hura mata iska da famfon shakazoba zuwa kamar 250 psi, amma ka duba iyakar da aka yarda wa samfurin kar ka wuce, sai ka kwanta da ƙirji akan sirdi ka danna a hankali ka saki, ka kuma, sau da yawa. In ka yi sa'a zaka ji ɗan tsss ta miƙe ta koma 210. In ta miƙe to shikenan sai ka rage iskar kaɗan kaɗan da maɓallin dake jikin famfo, kana ragewa kana dannawa kana jawo ta, har geji ya zo sifili tana miƙe. In kuwa taƙi miƙewa, shawarata ka kai wa wanda ya saba, su kansu Fox, kamfanin shakazoba, a littattafansu cewa suka yi kar a buɗe wadda ta maƙale.

In ta saki, sabis ɗin gwangwani aiki ne da kowa zai iya a gida cikin awa ɗaya. Kafin komai ka rubuta psi ɗinka a takarda, ka juya maɓallin ribawun, mai saita saurin dawowarta, har ƙarshe kana ƙirga ƙas ƙas ɗin ka rubuta. Ka cire ƙwayar bawul gaba ɗaya dan ka tabbata ba sauran iska. Ka sauke ta daga keken, ka wanke wajen tas tun kafin ka buɗe, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maida ka baya. Idon (ramin da noti ke shiga) da ke ɓangaren bawul shi zaka matse a bais, ƙarfen matse kaya, da katako ko roba tsakani, jikin da yake shiga yana fita ɗin nan mai santsi ko da wasa kar bais ya taɓa shi. Sannan ka zura tsumma ta cikin ɗaya idon ka ɗaure, ko da tana miƙe, in akwai sauran iska tsumman ne zai tare gwangwanin. Ka sa tabarau. Da hannu ake kwancewa, in yayi tauri ka naɗe shi da tsohon tub ɗin keke ka samu riƙo, banda filaya banda sufanar famfo. Da zaka zare zaka ji ɗan fau, wannan ba komai.

Daga nan ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire roba ko ɗaya, dan jerin nasu ne ke rikita mutane. A kan fistin akwai baƙar roba mai kusurwa huɗu a tsakiyar fararen zobba biyu, a bakin gwangwanin kuma akwai robar share ƙura daga waje sannan wata baƙar roba da nata fararen zobban, sai siririn o-rin can sama inda gwangwanin ke ɗauruwa. Ka matsi robar da yatsu biyu ta tattaro ta tashi, sai ka zura tsinken sakace ko na roba ka ɗago ta. Allura da kan wuƙa haramun ne a wajen nan, ka karce gurbin da roba ke zama to ka gama da shakazobar, ko ka sa sabuwar roba goma ta nan iska zata dinga bi. Ka goge komai da sifirit ɗin aisofurofil da tsumma marar gashi, banda fetur banda kananzir. Ka haska fitila cikin gwangwanin ka juya shi a hankali, ka nemi karce a tsaye, ka kuma nemo ɗan lotson nan ka share shi.

Giris ɗin mota kuma a'a. Yayi kauri yana riƙe motsi, kuma baka san me zai yi wa robar ba. Ana amfani da mai laushi irin Slick Honey ko SRAM Butter ko wanda littafin samfurinka ya ambata, a shafa wa robobin siriri, sannan mai kamar mililita 2 a cikin gwangwani, Fox nasu shuɗi ne suna ce masa Float Fluid, yana zuwa a 'yar leda cikin kit ɗin robobin. Mutane na ganin yawan giris shine gata, sai su cika shi ya je ya toshe lotson su dawo gidan jiya. Fararen zobban da yawansu a tsage suke a karkace, ka tabbata bakin tsagar ya haɗu lif bai hau kan ɗan'uwansa ba.

Maida gwangwani yana ba da wahala dan iskar ƙaramin ɗaki na turo shi baya, dabarar ita ce ka ɗaura shakazobar akan keken ka danna sirdi ta shiga sai ka tura gwangwanin ka kama tiredi a hankali da hannu. Wajen hurawa kuma duk 50 psi ka tsaya ka danna kamar kwata na tafiyarta sau goma ɗakunan su daidaita, in baka yi ba geji zai nuna maka lamba mai kyau ka hau ta faɗi.

Maganar sautin soso da liba wannan ba a gwangwani suke ba, na gaji da rubutu a waya, wani ya ɗora.

maiFeda27:

baba ya gama magana, ni ɗan ƙari ne akan iskar da kace tana raguwa. kasan duk sanda ka jona famfo tiyon famfon sai ya cika da iskar cikin shakazoba kafin geji ya karanta, kuma gwangwanin ƙarami ne sosai, dan haka 10 zuwa 15 psi zaka gani sun ɓace ko da lafiyarta ƙalau. shi kuma tsss da kake ji in kana cire famfo na tiyo ne ba na shakazoba ba, mutane da yawa na ƙara iska wai dan su rama wanda ya fita, ba buƙata. sanyi ma na rage lamba, in zafi ya sauka da digiri 10 zaka rasa kusan 7 psi cikin 200. amma 30 a kwana uku yayi yawa gaskiya akwai inda take yoyo.

kafin ka kashe kuɗi ka kaɗa sabulu da ruwa ka ɗiga a bakin bawul bayan ka cire murfin, sai bakin robar ƙura, sai inda gwangwani ya haɗu da kai. inda kumfa ta taso nan ne. ni nawa wata biyu ina zargin sil, wato robobin da ke riƙe iska, ashe ƙwayar bawul ce ta saki, rabin zagaye na ɗaure ta magana ta ƙare, har haushin kaina naji. irin ƙwayar bawul ɗin tayar mota ce, abin ɗaure ta ma ɗaya ne. in babu kumfa ko ina a waje to ciki take bi zuwa ƙaramin ɗakin da baba ya faɗa, wanda ya dace da zaman da tayi

Injiniya_Shim:

Bari in ɗora daga inda Baba ya tsaya. Sautin cakal cakal da liban da ya daina aiki duk abu ɗaya suke faɗa maka: iska ta shiga cikin man damfa. Canza robobin gwangwani ba zai taɓa wannan ba, gara ka sani tun yanzu kar ka gama aiki ranka ya ɓaci.

Shi jikin nan mai santsi da ke shiga cikin gwangwani shine damfa, cike yake da mai. A ciki akwai wani fistin daban mai ƙananan ramuka da siraran faifan ƙarfe da ake kira shim a jere kansu, man na matsawa ta cikinsu shine yake hana keken yin tsalle kamar ƙwallo. Maɓallin ribawun wata 'yar allura yake turawa ta rage ko ta buɗe hanyar mai, liba kuma toshe hanyar yake yi. To mai baya matsuwa amma kumfa tana matsuwa, in man ya zama kumfa ko ka toshe hanya shakazobar zata lotsa abinta. A can ƙasan jikin akwai fistin na uku mai yawo shi kaɗai wanda suke rubutawa IFP, gefe ɗaya mai ɗaya gefen gas, shi yake ba da wuri in sandar ciki ta shigo ta kori mai, kuma ƙarfin gas ɗin ke hana man yin kumfa. Wannan gas ɗin da ƙarfi sosai ake saka shi gwargwadon samfuri, a wasu har 500 psi. Iska na shiga man ta hanya biyu, ko robar IFP ta gaji gas ya tsallaka, ko iskar gwangwani ta bi ta sil ɗin sanda.

Gwaji mai sauƙi, lokacin da ka zare gwangwani ka dafa damfar a ƙasa ka danna da hannu. Mai lafiya zata shiga da nauyi iri ɗaya tun daga farko ta dawo da kanta har ƙarshe shiru. In ta fara da wani fanko na 'yan milimita kafin ta kama, ko taƙi dawowa duka, ko ka tarar da siririn mai da yawa a cikin gwangwanin wanda ba kai ka zuba ba, to ta kai.

Inda zan ɗan saɓa da masu cewa damfa sai shago: ya danganta da wacce gare ka. RockShox, wani kamfanin shakazoba, suna sakin littafin sabis na kowane samfuri kyauta da hotuna mataki mataki, kuma IFP ɗinsu da famfon shakazoba ake cika shi ta wani ɗan adafta da ake ɗaurawa, iskar duniya ma ai kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Fox Float na gama gari kuwa allura ake sokawa ta cikin wata 'yar ƙwayar roba a cika da naitirojin daga tulu da regileta, wannan kam ba kayan gida bane. Na yi tawa sau huɗu yanzu. Abinda aikin ke so shine ka fara sakin gas ɗin IFP kafin ka taɓa kan sil, ka samu katakon matse sanda mai rami daidai kaurinta, ka saita zurfin IFP da kalifa, abin awon milimita, daidai milimitar da littafi ya ce, ka zuba mai mai nauyin da aka ce, ka bubbuga ka jira kumfa ta gama tasowa kafin ka rufe, ka ɗaure da sufanar awon ƙarfi. Zurfin nan in ka kuskure shi ko dai fistin ya dinga dukan IFP a ƙarshen tafiya ko gas ya rasa wurin zama.

Lokutan sabis kuma a rubuce suke, RockShox na cewa gwangwani duk awa 50, damfa a Deluxe da Super Deluxe awa 200, Fox na cewa cikakken sabis duk awa 125 ko shekara ɗaya. Kai a lissafinka awa shida a sati wata takwas ka kai wajen awa 200 kai kaɗai, banda na mai shi na farko. Tunda sitika babu, ka duba jikin kan ko kusa da ido akwai lambar siriyal da aka zana, da ita zaka gano samfuri da shekara ka sayi kit ɗin da ya dace, dan robobin suna kama da juna a ido amma ba ɗaya bane.

Baba_Sufana:

Injiniya bayaninka ba gyara, amma ka duba wa kake faɗa wa. Mutumin da jiya ya saki iska da sukudireba ya kama gwangwanin da ya maƙale zai murɗe, shi zaka tura wa IFP mai 500? Kai ka yi sau huɗu, faɗa masa yadda na farkon ya ƙare mana. Ni ban ce aikin sihiri bane, cewa nayi kuɗin katakon sanda da adafta da kalifa da sufanar awo da mai in ka haɗa, ga mai keke ɗaya da zai yi sau ɗaya a shekara, ba lallai ya fi sauƙi ba, kuma in ya karce sandar ciki sabuwa zai nema. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya fara koyon gwangwani yayi sau biyu sau uku hannunsa ya faɗa, damfar a wannan karon ya bayar.

Injiniya_Shim:

Hhhh Baba ka tona min asiri. Na farkon na manta ban saki gas ba na fara kwance kan sil, mai ya wanke min fuska da silin ɗaki, kwana biyu ina jin ɗanɗanonsa. Na yarda, wannan karon ya bayar. Amma ya tambayi mai gyaran ko zai bari ya tsaya ya kalla.

Yar_Tsauni:

Sannunku. Ƙanena tunda zaka sauke ta daga keken ka duba abu biyu da ba'a ambata ba. Kafin ka kwance ka tsaya a gefe ka ɗaga sirdi sama kaɗan da yatsu ka saki, in kaji ƙwas ƙwas to bushin ɗin, wato zobban cikin idanun, sun cinye, su ma kayan canzawa ne kamar birki, in ka bar su suna sa shakazobar aiki a karkace ta dinga cin roba ta gefe ɗaya. Na biyu ka goge jikin mai santsi ka duba shi a rana, in launinsa ya koɗe a gefe ɗaya har farin alminiyom ya fito, ko farcenka na maƙalewa a wani karce, to ka sani sabuwar roba zata riƙe na ɗan lokaci ne kawai, kar ka zargi aikinka. Kuma in kana wanke keke da injin feshin ruwa mai ƙarfi ka daina saita shi a wajen, tura datti yake ta ƙarƙashin robar ƙura. Ni tsumma nake sawa in goge bayan kowace fita, ko minti ɗaya baya ɗauka.

Sannan bayan sabis kar ka ce dole 190 ɗinka ta da. Lambar nan ka samo ta ne akan busassun robobi masu riƙewa. Ka sa kayan da kake hawa dasu har jakar baya da ruwanka, ka buɗe liba, ka hau a jikin bango ka ɗan yi sukuwa ka zauna daidai, ka tura zoben roban awo da ke kan jikin mai santsi ya taɓa bakin gwangwani, ka sauka a hankali ba tare da ka danna ba, ka auna. A tafiyar 55, kashi 30 shine milimita 16 da rabi, kashi 25 kusan 14. Ka nemi tsakanin nan sannan ka koma kan ribawun.

Ɗan_Gangara:

Na dawo da rahoto, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba Allah ya ƙara girma.

Na hura ta zuwa 250 kamar yadda kace na dinga dannawa, wajen karo na goma sha wani abu naji tsss ta miƙe, na auna 210 cif, wallahi sai da nayi dariya ni kaɗai. Sabulu bai nuna komai a bawul ba amma a bakin robar ƙura wasu ƙananan kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Lambar siriyal tana nan a zane a ƙarƙashin datti, na gano samfurin na samu kit ɗinsa da littafin.

Da na buɗe, ciki a bushe ƙamas, babu ɗigon mai sai wani baƙin abu kamar kwalli da ya taru a bayan fistin. Baƙar robar fistin ta daina zama mai kusurwa, gefenta ɗaya ya shafe yayi sheƙi, da na lanƙwasa ta sai naga ƙananan tsagu. Ɗan lotson kuwa sai da na nema da fitilar waya dan ya cike da dattin nan ya saje da bango, da tsinke na tono shi. Gwangwanin ba karce alhamdulillah. Kuskure ɗaya nayi, farin zobe ɗaya bakinsa ya hau kan juna ban lura ba gwangwani yaƙi wucewa, na fara turawa da ƙarfi sai na tuna maganar Baba na zare na duba, saura kaɗan in gutsure shi. Maida gwangwanin a bais ya gagare ni, tiredi na zuwa dab sai ya turo baya hannuna duk giris, sai da na ɗaura ta a keke ƙanina ya danna sirdi na kama.

Yau kwana biyar, na saka 200 dan a 190 zoben yana wuce milimita 18, jiya na jona famfo naga 189 wanda inaga na tiyo ne kamar yadda maiFeda yace. Farkon motsin yayi laushi sosai har na ɗauka iska ce ta fita. Yaya Yar_Tsauni bushin na ƙasa yana ƙwas, na yi oda. Sautin soso kuwa yana nan daram, na gwada danna damfar da hannu lokacin da take tsirara akwai fankon nan da Injiniya ya faɗa kamar milimita huɗu, liba ma har yanzu ado ne. Zan bayar da ita ƙarshen wata.

Wani abu kuma, a cikin kan gwangwanin na tarar da wani zoben roba mai kauri a maƙale wanda babu irinsa a kit, na maida shi yadda na ganshi. Shine abin rage faɗin iskar da ake magana? Dan ko a babban tsalle zoben awo baya wuce milimita 47 cikin 55, ina tunanin ko in cire shi.

Injiniya_Shim:

Shine, yana rage wurin iska dan ta yi tauri a ƙarshen tafiya. Amma kar ka cire yanzu, damfa mai kumfa bazata faɗa maka gaskiya ba. Bari ta dawo daga gyara ka hau sau uku a hanyar da ka saba ka sake auna zoben, in har lokacin 47 ce sai ka cire ko ka sa ƙarami. Yanzu ai ka iya buɗewa, ko sauke ta daga keken ba sai kayi ba, iskar dai a hankali.